Ciwo Ya Kayar, Kwanciya Ta Ƙarasa

A Tudun Kaya, da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, idan aka tambayi lafiyar wani dattijo aka ce "ai yana kwance", to zance ya ƙare. Mai tambaya zai ce Allah ya sa kaffara ce, a amsa da amin, kowa ya kama gabansa. Da wuya ka ji an ce: kwance ta yaya? Tun yaushe? Yana iya zama idan an jingina shi? Yana juya kansa, ko sai an juya shi? Alhali kuwa a kan amsar waɗannan tambayoyi ne rayuwar mutumin take rataye. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa yawancin azabar da majinyacin da ya daɗe a shimfiɗa yake sha, da ma wani kaso na mace-macen da muke dangantawa da ciwon da ya kayar da shi, kwanciyar ce take jawo su. Kuma mafi yawan wannan ɓarna ana iya tare ta a cikin ɗaki, da hannun 'yan gida, idan an nuna musu yadda ake yi.

Hanyoyin da ke kai mutum shimfiɗa a wannan yanki sanannu ne. Akwai haɗarin babur ko na mota da ke taɓa ƙashin baya, akwai tsohuwar da ta zame a makewayi ƙashin ƙugu ya karye, akwai ciwon daji da ya ci jiki. Amma babbar ƙofa ita ce shanyewar ɓarin jiki, kuma bayanta hawan jini ne yake tsaye. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar jiki a wannan ɓangare na duniya ana iya danganta su da hawan jini. Daga ƙauye sai a ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa, daga can a tura shi birni, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ce, wasu kuma su nufi asibitin Shika. Bayan mako biyu ko uku kuɗi ya ƙare, ko gado ya yi wa asibiti kaɗan, sai a sallame shi da ledar magani da takarda. Takardar da Turanci take. A cikin Turancin likitoci, wanda ba ya iya barin gado ko kaɗan shi ne bedridden ko bedbound. Wanda ake iya ɗorawa a kujera ya yini a zaune shi ne chairbound. Wanda yake takawa a tsakar gida amma ba ya iya fita shi ne housebound. Akwai kuma bed rest, wanda shi umarni ne na likita mai ƙayyadadden lokaci, kwana kaza ka kwanta sannan ka tashi. Duk waɗannan, kafin motar ta iso gida, sun narke sun zama magana ɗaya a bakin dangi: "An ce a bar shi ya kwanta ya huta."

Su kansu likitocin Turai sun daɗe a kan wannan fahimta. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wanda ya samu bugun zuciya makonni ake ajiye shi a gado, mai jego ma haka. A 1947 wani likitan Ingila mai suna Richard Asher ya rubuta gajeriyar maƙala yana jan kunnen abokan aikinsa a kan haɗarin da ke cikin gado, yana bin jiki gaɓa-gaɓa yana nuna abin da kwanciya take lalatawa. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga birnin Dallas na Amurka a 1966. An ɗauki samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu garau, aka kwantar da su mako uku ba tashi. Da aka auna su, ƙarfin zuciya da huhunsu wajen ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako ukun nan ta rage ba. A 2007 kuma aka gwada da dattawa masu lafiya, kwana goma kacal a gado, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. To ina ga dattijon da ciwo ya riga ya raunana, abincinsa bai wuce koko da ɗan shayi ba, ya yi wata biyu a kan katifa? Sau da yawa ranar da ciwon farko ya lafa, ƙafar da za ta ɗauke shi ce babu.

Mafi munin abin da kwanciya take haifarwa shi ne gyambo, kuma ya kamata a fahimci yadda yake farawa, domin a gidaje da yawa ana ɗaukarsa wani sabon ciwo ne da ya ɓullo daga ciki, ko jifa, ko alamar ajali. Mai lafiya ko yana barci yana juyawa sau da yawa cikin dare ba tare da ya sani ba, saboda wurin da ya danne yana aika masa saƙon ciwo. Wanda jikinsa ya shanye ko dai ba ya jin saƙon, ko yana ji ba ya iya motsawa. Nauyin jikinsa sai ya matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da shimfiɗa, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman wurin ya fara mutuwa, kuma sa'o'i kaɗan sun isa a fara ɓarna. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙashin da ke saman ɗuwawu, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. Littattafan Turawa sun ce a duba jan fata, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa. Abin da mai jinya zai nema shi ne wurin da ya fi sauran jiki duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana sheƙi, ko ya fi kewayensa zafi ko tauri idan an ɗora bayan hannu. Ɓarnar kuma takan faro daga can kusa da ƙashi ta fito waje, shi ya sa ranar da fata ta buɗe sai a tarar da rami a ƙarƙashi. Ka shiga ɗakin jinya a watan Afrilu: rufin kwano, taga a rufe don kada iska ta bugi mara lafiya, an shimfiɗa leda a kan katifar soso saboda fitsari, an ɗora zani guda a kai, gumi da lema sun jiƙa bayan dattijo tun hantsi. Duk wanda ya yi wannan shiri da ƙauna ya yi shi, amma babu yanayin da gyambo ya fi so kamar wannan. Idan kuma ya fito, sai a fasa kafso a barbaɗa, ko a gasa wurin da ruwan zafi a fatar da ba ta jin ƙuna, ko a naɗa gammo a ɗora ɗuwawu a kai, gammon kuwa gefensa yana ƙara datse jinin da ake so ya kai wurin.

Huhu ma ba ya tsira. Wanda yake rigingine numfashinsa ba ya kaiwa ƙasa, majina tana taruwa, tari ba ƙarfi. Mutane da yawa da suka samu shanyewar jiki haɗiya tana yi musu wuya a kwanakin farko, don haka idan aka ɗura musu ruwa ko kunu suna kwance, wani ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe su a ce maleriya ce. Gaɓar da ba a motsa ta tana ƙagewa, hannu ya dunƙule, gwiwa ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ga taurin bayan gida, ga ciwon mafitsara, ga baƙin cikin mutumin da ya saba shi ke raba gardama a ƙofar gida yau yana kallon silin daga safe har dare.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaddara ce da ke tare da irin wannan ciwo. Haka babban likitan jijiyoyi na Faris, Charcot, ya ɗauka a ƙarni na 19: yana ganin gyambon kwanciya daga lalacewar jijiya kai tsaye yake fitowa, kuma alama ce ta cewa mutuwa ta matso. Wanda ya rushe wannan ra'ayi a aikace shi ne Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus zuwa Ingila, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Kafin lokacin, sojojin da aka harba a baya yawancinsu ba sa daɗewa, gyambo da ciwon mafitsara ne suke kashe su. Guttmann ya kafa doka: kowane majinyaci a juya shi duk bayan sa'a biyu, dare da rana, a duba fatarsa, a kula da mafitsararsa, a tashe shi aiki da motsa jiki. Mutanen da aka fid da rai da su suka rayu, har a 1948 ya shirya musu gasar harbin kibiya, wadda ita ce tushen wasannin nakasassu na duniya da ake yi a yau. Abin lura shi ne babban makaminsa a kan gyambo hannun mutane ne da agogo, kuma waɗannan biyun akwai su a Tudun Kaya.

Ni a ganina ma ba sai mun je Ingila neman tsarin tunanin da ake bukata ba, domin yana cikin littafin da yaro yake karantawa a zaure. Ahalari, na Shaihu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya jera halaye bakwai da ake yin sallar farilla a cikinsu: tsaye ba jingina, tsaye da jingina, zaune ba jingina, zaune da jingina, sannan kwance a ɓarin dama, ko na hagu, ko rigingine. A matakai huɗu na farko bin jerin wajibi ne, wato wanda zai iya zama da jingina ba shi da izinin ya yi sallarsa a kwance. Fiƙihu bai yarda a ce mutum "yana kwance" a rufe littafi ba. Yana tambayar iyakar abin da zai iya, yau, a wannan sallar, ya ce ya yi shi. Wannan ita ce tambayar da likitan gashin ƙashi yake yi, kuma ita ya kamata mai jinya ya riƙa yi kowace safiya. Dattijon da ya ƙi a zaunar da shi don jiri, sau da yawa zai yarda idan limamin unguwa ya tuna masa cewa azahar ɗinsa a zaune ta fi inganta muddin zai iya. Sau biyar a yini kenan an ɗaga shi, huhu ya buɗe, baya ya sha iska.

Sai dai lokutan salla kaɗai ba su isa ba, domin tsakanin asuba da azahar akwai nisa, tsakanin isha'i da asuba kuwa ya fi. Wanda ba ya iya juya kansa yana bukatar a sauya masa kwanciya kamar duk sa'a biyu, musamman a kan tabarma ko siririyar katifa. Yadda ake yi ba shi da wuya idan an gani sau ɗaya. A ninka zani mai ƙarfi a shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga, kada a ja shi a kan shimfiɗa, domin ja yana saɓule fata. Kada kuma a fizgi hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. A karkatar da shi kaɗan, a tokare bayansa da matashin kai, ba a kifa shi ɗungurungum a kan ƙashin ƙugu ba. A sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa komai. A miƙe zanin shimfiɗa, domin tattarar zani ko ƙwayar tasbaha da ta shige ƙarƙashi ta isa ta fara rauni. A sauya jiƙaƙƙen tufafi nan take, a wanke da ruwa mai ɗumi a tsane, a shafa man kaɗanya a hankali inda fata ta bushe, amma wurin da ya riga ya yi duhu ba a murza shi, ɗauke masa nauyi kawai ake yi. Abinci kuwa a zaune, cokali-cokali, ya kuma ci gaba da zama kamar rabin sa'a bayan ya gama. Idan yana ƙwarewa da ruwa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya. A haɗa masa da wake, ƙwai, nono, kifi ko ƙuli-ƙuli, domin jikin da ba ya samun abin gina tsoka ba ya warkar da rauni. Da zarar fata ta buɗe, ko wari ya fara, ko zazzaɓi ya zo, magana ta koma asibiti.

Akwai masu cewa motsa mara lafiya yana iya yi masa illa, kuma suna da gaskiya a wasu wurare. Wanda ƙashin bayansa ko na wuyansa ya karye, juya shi ba bisa ƙa'ida ba yana iya ƙarasa lakar. Irin wannan sai mutum uku ko huɗu sun juya shi gaba ɗaya, kai da gangar jiki a miƙe, yadda aka nuna a asibiti. A shanyewar jiki ma an yi gwaji mai suna AVERT a kan majinyata fiye da 2,000 a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2015, aka ga cewa tayar da mutum da yawan motsi cikin sa'a 24 na farko ya rage yawan waɗanda suka murmure sosai. Amma wannan magana ce ta ranar farko, lokacin da mutum yake hannun likita. Babu inda binciken ya ce a bar mutum rigingine wata uku a gida, hasali ma da aka ƙara nazarin sakamakon an ga motsi gajere-gajere, sau da yawa, shi ya fi amfani. Abin da wannan ƙorafi yake wajabtawa shi ne dangi su tambayi likita ƙarara kafin su bar asibiti: hutun nan na kwana nawa ne, yaushe za a fara zaunar da shi, wane motsi ne aka hana?

Ƙorafi na biyu ya fi shiga zuciya. Ana cewa Baba ya tsufa, jiki ya gaji, juya shi cikin dare wahalar da shi ne, a bar shi ya cika cikin salama. Ina girmama tausayin da ke cikin wannan magana, kuma gaskiya ne cewa wanda yake gargara ba a takura masa da jadawali, abin da zai sa ya ji daɗi shi ake bi. Amma babu wanda ya san ranar wani, kuma mutane da yawa da aka yanke wa hukuncin cutar ajali sun yi shekaru a raye. Wanda kuma ya taɓa ganin gyambon da ya kai ƙashi, ya ji warin da yake korar jikoki daga ɗakin kakansu, ya san barin mutum a gefe ɗaya ba salama yake kawo masa ba. Kunya ma tana da nata hannun: ɗa ba ya son buɗe bayan mahaifiyarsa, suruka ba ta iya duba jikin uban mijinta, sai a yi mako ba wanda ya ga wurin da ciwon yake ci. Kunya ado ce, amma malamanmu sun san hukuncin lalura, kuma ana iya rufe jiki a buɗe wurin da za a duba kaɗai. Abin da ake bukata shi ne gida ya zauna ya ware wanda zai riƙa dubawa kullum, namiji ga namiji, mace ga mace inda hali ya yi.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ba ni da ikon kawar da shi da hujja, domin gaskiya ne tsantsa: aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a kan mutum ɗaya yake faɗawa. Yawanci mata ce, ko 'ya, ko matar ɗa, wadda ga girki, ga yara, ga wanki, ga ɗebo ruwa. Da damina maza suna gonar masara da dawa, da rani wasu suna fadama wasu sun tafi ci-rani. A ce wa wannan baiwar Allah ta tashi sau huɗu cikin dare ta juya ƙaton namiji ita kaɗai, wata da watanni, zalunci ne, bayanta zai ƙage ita ma ta kwanta. Saboda haka zargin iyalai ba shi da amfani. A jihar Kerala ta Indiya an fuskanci irin wannan. A 1993 likitoci biyu, M. R. Rajagopal da Suresh Kumar, da abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar kula da masu doguwar jinya a Kozhikode; a 2001 aka faɗaɗa aikin zuwa unguwanni, aka fara daga gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa. Ana horar da 'yan sa-kai na unguwa, su gano gidajen da ke da majinyaci a kwance, ma'aikaciyar jinya tana zagayowa tana wanke rauni, tana sauya robar fitsari, tana koya wa 'yan gida. A 2008 gwamnatin jihar ta mayar da abin manufarta, ƙananan hukumomi suka shiga da kuɗinsu.

Mu ma muna da harsashin ginin. Matan da suka bi gida-gida a yaƙin shan-inna har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Najeriya sun san kowane lungu, kuma ana buɗe musu ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashin ƙashi duk shekara, sai dai yawancinsu a birni suke aiki. Ƙungiyoyin agaji na masallatai da matasan da suke haƙa kabari kyauta suna nan a kowane gari, kuma wanda zai iya ɗaukar makara zai iya zuwa ya kama gefen zani da ƙarfe biyun dare, daren Litinin na wane, na Talata na wane.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo shi ne kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta buɗe rajistar waɗanda suke kwance a gida, dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen ƙidayar, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙa su ko da sau biyu ne a wata da abin awon jini da kayan wanke rauni. Ga asibitoci kuma, kada a sallami wanda ba ya iya juya kansa sai an kira mutum biyu daga danginsa an nuna musu da Hausa, sun juya shi da hannunsu a gaban ma'aikacin jinya. Kai kuma mai karatu, idan ka je dubiya, bayan addu'a ka tambayi mai jinya yaushe aka juya shi, wa yake kama mata da dare, sannan ka faɗi daren da za ka ɗauka.